Godiyar da Birthe Ba Ta Yi Ba

A nan tsibirinmu, in kun taɓa zama da mutum, ko bayan shekara goma kuka sake haɗuwa sai ya ce maka "takk for sist", wato na gode da zaman da muka yi. Baƙo kaɗai ake miƙa wa hannu a faɗa masa suna.

Birthe ta zo Norway daga Denmark tana ɗaliba, da 'yar na'urarta ta ɗaukar murya, wai tana binciken yadda muke godiya. Na ba ta ɗakin ɗinkina. Hunturu biyu ta yi a gidana, ta sha miyar kifi har ta yi kumatu, Mama take kirana. Ranar da aka kafa dutse a kabarin mijina Eilif, ita ta riƙe ni, ta karanta rubutun da ƙarfi: "takk for alt", na gode da komai, abin da muke rubuta wa matattu.

Da aka ce za ta dawo ta yi lacca, ta zama farfesa, babu wanda ban gaya wa 'yata na tafe ba. Na soya wainar kifi, na shimfiɗa sabon zanin gado.

"Gunvor, kin cika zumuɗi," in ji maƙwabciyata Oddny. "'Yar da ko waya ba ta yi miki?"

"Ke dai hassada ke cinki. Aiki ne ya yi mata yawa."

Ɗakin taro ya cika. Birthe ta bayyana cewa mu da Sweden da Denmark kalmar godiya ɗaya muka gada, rubutu ne ya bambanta, kuma asalinta ɗaya da kalmar tunani: wanda ya gode maka, ya tuna da kai ke nan. Daga nan ta kunna muryar wata tsohuwa tana yi wa kifi godiya kafin ta yanka shi. Ta kwaikwayi maganar, jama'a suka fashe da dariya. Muryata ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ce a raina raha ce irin ta 'ya da uwa.

Bayan an tashi na kutsa, tana tsakiyar manyan baƙi. Ta gan ni, kuma wallahi ta gane ni, don har kunnenta ya yi ja. Sai ta miƙo hannu.

"Birthe Kragh," in ji ta. "Kin ji daɗin laccar?"

Oddny ta ja min riga. "Taho mu tafi, ƙawata."

Ban motsa ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na kama hannun da hannuwana biyu, kamar yadda ta kama nawa a maƙabarta.

"Takk for alt, Birthe," na ce.

Wainar kifin, ni da Oddny muka cinye.