Mangwaron Larai a Gaban Majalisa

Ranar Talata Malam Ndatsu ya rasa bakin magana a makarantar da ya shekara ashirin da shida yana koyar da darasin Gwamnati, can Chanchaga. Kuma da hannunsa ya rubuta dokar da ta hana shi.

Shi ya kafa wa ɗalibai majalisa. Kowane aji ya zaɓi wakilai biyu, aka naɗe taɓarya da takarda mai ƙyalli ta zama sandar majalisa, wadda ba a zama sai da ita. Malamai kuwa ya ce ba su da kujera, ba su da ƙuri'a, 'yan kallo ne. Ya san abokan aikinsa, shi ya sa.

Firinsifal ya ba majalisar aiki ɗaya na gaske: ta yanke ko a sare mangwaron bayan ɗakin karatu a yi filin ƙwallon raga. Har ya kira mai injin yanka, yana zaune a bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Larai ce ta dasa mangwaron, matar Malam Ndatsu, shekarar da ta fara koyarwa a nan. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Yaran ba su san ita ta dasa shi ba, shi kuma bai ga dalilin roƙon yara ba.

Rashidatu, kakakin majalisa, ta hau kujerar firinsifal da aka aro, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Kafayatu, ɗaya daga cikin wakilan, ta gabatar da ƙudirin a sare shi, 'yan mata suka hau dukan benci kamar ana biki.

Sai Luke, wakilin aji uku, ya miƙe. Duk makarantar an san rabin nauyinsa daga bishiyar nan ya fito.

"Ranki ya daɗe, ni dai ina son mangwaron nan."

"Mun sani," in ji Kafayatu. "Rigarka ma ta sani."

"Amma 'yan ajinmu sun ce fili suke so."

Rashidatu ta ce, "To mai girma wakili, cikinka ya turo ka nan ko ajinku?"

Luke ya hau tunani, abin da Malam Ndatsu bai taɓa gani ba a aji. Ba zai saɓa wa waɗanda suka zaɓe shi ba, ba zai kuma yanke wa bishiyar hukunci ba. Sai ya sunkuci taɓaryar ya fita ta taga.

Majalisa ta bi shi duu, har da kakaki, ɗankwali a hannu. Aka zaga ɗakin karatu sau biyu, aka ratsa ta tsakiyar masu tallar awara, ana dariya ana faɗuwa. Malam Ndatsu bai koya musu wannan ba. Ya ce a ransa, yaran suna kallon labarai ashe. Ya kuma kama kansa yana yi wa Luke addu'ar ƙarin sauri.

A gindin mangwaron Kafayatu ta cafke shi. Aka dawo da sanda, takardarta ta yage, aka sa Luke ya ba majalisa haƙuri yana haki.

Malam Ndatsu ya ɗaga hannu daga bencin baya.

"Malam, wace mazaɓa kake wakilta?" in ji Rashidatu.

"Rashidatu, minti ɗaya kawai."

"A nan sai dai 'ranki ya daɗe', Malam. Kuma 'yan kallo ba sa magana. Sashe na huɗu."

Daidai ta faɗa, har lambar. Da jarrabawa ce, da ya ba ta maki goma cif.

Aka ɗaga hannu, aka ƙirga sau biyu: bakwai sun ce a sare, biyar sun ce a bari. Luke yana cikin bakwai ɗin, idonsa a rufe. Yara suka fita da gudu suna waƙa, suka ɗauko wa mai inji jarkar mansa. Kafin Malam Ndatsu ya ratsa taron, injin ya riga ya tashi.

Ba roƙo ya yi niyya ba. So yake ya gaya musu ana iya yi wa ƙudiri gyara kafin ƙuri'a: a matsar da filin taku goma gabas, ragar ta zauna, bishiyar ta zauna. Darasin gyaran ƙudiri kuwa sai mako mai zuwa ya sa shi a jadawali.