Jarumin da Ba Shi da Suna

Walida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya cak. Sharif, ɗanta na fari, yana tsaye kan kujera a barandarsu, can ƙololuwar bene a unguwar Wangsa Maju, a ƙasar waje. Ya ɗaura gyalenta a wuya irin na jaruman littattafan zane, ya jingina ciki da ƙarfen barandar yana leƙen titi.

Ta buɗe baki za ta kira shi, sunan ya maƙale.

*

Jiya maƙwabciyarta Lai'atu ta tare ta a bakin lifta. 'Yar Jos ce, tana tara yaran 'yan Najeriya ranar Asabar tana koya musu Hausa da littattafan jarumai masu tashi sama, don su kaɗai yaran ke saurara.

"Maman Sharif, na ce kowa ya ƙirƙiro jaruminsa. Wani ya ce nasa yana ɗaukar wa tsoffi kaya. Naki ya ce nasa ba a ganinsa, kuma ba shi da suna. Wai ko uwarsa ba ta san sunansa ba."

Walida ta yi dariyar yaƙe. "Kin san mu da kunyar ɗan fari."

"Na sani, 'yar'uwa. To shi fa, ya sani?"

Tambayar ta tsaya mata a rai. Ita ma 'yar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, amma tana da kaka mai tsokanarta da kishiya, da gwaggo mai goya ta. Nan kuwa daga ita sai miji mai wuni a waje, sai ƙanwar yaron da take rungumewa a gabansa kullum.

*

"Kai! Sauko!"

Bai waiwayo ba. Kujerar ta ɗan girgiza.

"Wa kike kira, Mama? Ba kowa a nan, lah," ya ce, da salon maganar yaran ƙasar.

Ludayin ya faɗi. Ta yi tsalle ta cafko rigarsa, suka zube ƙasa tare. Ya ɗago yana kallon bakinta, yana jira.

"Wuce ciki," ta ce.

Ya kwance gyalen, ya ajiye mata, ya shige. Sai da ta ji ƙarar ƙofarsa ta cusa fuskarta cikin gyalen, ta faɗi sunan a hankali, inda ba mai ji.