Dutsen Awo a Kan Faifai

Damin gero guda Illa ya bari a rumbu ranar da zai tafi Kano cin rani. Da hannunsa ya tsince zangarniyoyin daga ɗan abin da gona ta bayar a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Ya ce wa matarsa Wasila iri ne, kada a taɓa sai ya dawo ko ruwa ya sauka. Ta ce to, ta liƙe bakin rumbun da laka.

Da azumi wani mutum ya dawo daga Kano ya ce wani ɗan ƙauyensu, Hamdara, ya rasu a Fagge. Aka tambaye shi sunan mamacin, ya ce bai tambaya ba, shi dai ya taya ɗaukar makara. Sauran 'yan Hamdara da ke can duk sun aiko da saƙo, ban da Illa.

Mutari, wan Illa, ya yi haƙuri har bazara. Yaransa sun koma cin anza, wadda sai an yi ta jiƙa ta ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Ranar nan ya tsaya a ƙofar ɗakin Wasila, idonsa a ƙasa, ya ce in ƙaninsa ya mutu to damin nan gado ne, a raba a ci, ita kuma ta shiga takaba. Liman ya ce a bari sai bayan Juma'a. Wasila kuwa, tun azumi ba ta yi kuka ba, don a ganinta kuka yarda ne.

Ana haka labari ya zo daga kasuwar Mirya cewa wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai suna Ɗan Azumi, ya zo Damagaram da sabon faifan garmaho daga Kano, kuma an ambaci Illa a ciki. Washegari da asuba Mutari ya shige gaba, Wasila na biye, suka nufi Damagaram.

A unguwar Zango suka sami direban, zaune a rumfar abokinsa Suma'ila. Suma'ila mai awon gyaɗa ne. Tun da gyaɗa ta daina zuwa, sikelinsa ya zama wurin ajiye buta, amma kullum da safe sai ya goge duwatsun awonsa ya jera su daga babba zuwa ƙarami. Shi ne mai garmaho mai aiki da pil, wato batir, wanda ya saya lokacin da buhuna ke kaiwa rufin rumfar.

Bayan gaisuwa Ɗan Azumi ya yi musu bayani. Waƙar ta wani mai kukuma ce, ta yi wa alhazan bana barka da sauka, wato bayan Babbar Salla aka yi ta, azumi ya daɗe da wucewa. Mawaƙin yana jero sunayen mutanen da suka kyautata masa, na raye da na mace a haɗe. In mai rai ne ya ce Allah ja kwanansa, in mamaci ne ya ce Allah jiƙansa. Illa kuwa yana kusa da farko.

Mutari ya tambaya a wane layin aka sa ƙaninsa. Ɗan Azumi ya sosa ƙeya ya ce nan ne matsalar. Bai saurari faifan a Kano ba, ya kuma manta shi kan kujerar mota a rana tsawon yini, da ya dawo ya tarar gefe ɗaya ya tashi kamar kunnen akuya.

Suma'ila ya ɗora faifan ya saukar da allura. Kukuma ta fara kuka, siririya, mai shiga ƙashi. Duk zagayen da faifan ya yi, in tudun nan ya iso sai allura ta yi tsalle kamar fara, ta haɗiye rabin kalma. Alhazai suka wuce da guntayen sunaye. Sannan muryar ta ce, "Allah j…", allura ta tashi, ta sauka a kan "…an Illa na Wasila, ɗan Hamdara."

Wasila ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta taɓa faɗin sunan mijinta a gaban mutane ba, ga shi wani baƙo ya ɗaura shi da nata yana shela a tsakiyar Zango. Ashe a can cikin garin da ba ta taɓa gani ba, da aka tambaye shi ko shi na wane ne, ita ya ambata.

Mutari ya ce shi "jiƙan" ya ji. Ɗan Azumi ya ce shi ya sha saurara, wani lokaci ya ji "jiƙan", wani lokaci "ja kwanan", ya danganta da ko ya ci abinci.

Suma'ila ya ce abin mai sauƙi ne, nauyi ake buƙata. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya taɓa gaya masa cewa a ƙasar Turawa har dutse na musamman ake sayarwa don danne faifai. Ɗan Azumi ya ce Turawa ba su da rana irin tamu, duk abin da ya lanƙwashe musu lanƙwasar wasa ce. Shi a ganinsa allura za a danne, ba faifai ba. Ya ɓare goro, ya ɗaure ɓari guda a kan hannun allurar da zare. Aka kunna. Allura ta yi tsalle da goron a kanta, ta sauka a kan wani Alhaji na Kantin Kwari. Ɗan Azumi ya kwance goron ya ci.

Daga cikin mayafi Wasila ta ce ita in faifanta na rufe ƙwarya ya karkace, ruwa take yayyafa masa ta ɗora dutsen niƙa ya kwana.

"Ka ji ko?" in ji Suma'ila. "Har mata sun san da nauyi."

Ɗan Azumi ya ce, "Nata na kaba ne, Sarkin Awo. Ka yayyafa wa wannan ruwa ka ga. Kuma ina ka ga ruwan?"

Duwatsun awon na ƙarfe ne, zagayayyu, kowanne da tsaga har tsakiya inda ake rataya shi a sikeli. Suma'ila ya ɗauki ƙarami ya zura shi a ƙusar tsakiyar garmahon, ya zauna daram kamar don nan aka ƙera shi. Ya tsaya yana kallonsa da irin kallon da uba ke yi wa ɗan da ya sami aiki. Tsakiyar faifan ta kwanta. Gefen bai san ana yi ba. Allura ta yi tsallenta.

Suma'ila ya ce amma murya ta fi fita. Ɗan Azumi ya ce muryar da ta fita ba ita ake nema ba. Suka shiga gardama kan ko nauyin da ke tsakiya yana iya kaiwa baki. Suma'ila ya kawo misalin sarki da ke Birni amma ana jin sa har Tirmini. Ɗan Azumi ya kawo misalin kayan da ake lodawa tsakiyar mota amma tayar baya ta ci gaba da rawa. Wani mai wucewa ya ba da shawarar a zauna a kan faifan, aka yi masa godiya. Mutari dai yana tsugune, ya zuba wa ƙasa ido. Bai san wace kalmar yake roƙo ba, ya kuma ji tsoron tambayar kansa.

Rana ta take. Suma'ila ya ce pil ya fara sanyi, kuma babu wani pil a garin sai wata motar ta zo. Saura kunnawa ɗaya ko biyu.

"Malam, a sa babban," in ji Wasila.

Ɗan Azumi ya ce babban zai kashe garmahon. Suma'ila ya dubi garmahonsa, ya dubi matar, ya ce dama ba abin da ya rage na saurare a shekarar nan. Ya ɗauko na kilo biyu da hannu bibbiyu, ya yi bismilla, ya zura.

Faifan bai miƙe ba, tudun yana nan yadda yake. Garmahon ne ya kasa. Ya riƙa juyawa da ƙyar, kamar raƙumin da aka yi wa lodin gishiri. Kukuma ta koma kukan sa. Mawaƙin, wanda da muryarsa kamar ta saurayi, ya tsufa nan take, yana jan kowace kalma daga ƙasan rijiya. Da tudun ya iso, allura ba ta sami gudun da za ta yi tsalle ba. Ta hau a hankali, ta gangara a hankali, ba ta saki layinta ba.

"Allaaah… jaaa… kwaaanan… Illaaa…"

Muryar ta ja sunan Wasila har ya yi tsawon zance guda, ta kai rabin Hamdara, sannan garmahon ya tsaya da kansa. Wani ɗan wari kamar na ƙonannen gashi ya taso daga cikinsa.

Mutari ya rufe fuska da tafukansa. Ƙaninsa na da rai, yaransa kuma anza za su ci yau da gobe. Wasila ta juya ta fuskanci buhunan wofi da ke jibge a lungu, kukan da ta riƙe tun azumi ya zo mata yanzu da babu dalilinsa, ba sauti, sai mayafin da ke jiƙewa.

Suma'ila ya cire dutsen ya goge shi da bakin riga. Ya ce to, magana ta ƙare, nauyi na gyara faifai. Ɗan Azumi ya ce bai gyara komai ba, ga faifan nan a karkace, garmaho ya mutu, mawaƙi ya zama sa. Suma'ila ya ce amma an ji ko ba a ji ba? Ɗan Azumi ya ce an ji, amma ba ta hanyar da ya ce za a ji ba. Suma'ila ya ce shi bai ambaci hanya ba.

Suna cikin haka baƙin suka yi sallama. Ɗan Azumi ya ce in ya koma Kano zai nemi mai kukumar, shi ya san inda Illa ke kwana. Ya tambayi Wasila ko akwai saƙo. Ta ce a gaya masa rumbu na nan a liƙe.

Sun fita daga gari sun kama hanyar Mirya, Mutari a gaba, ita a baya, iska mai zafi na dukan fuskokinsu. Sun yi nisa kafin ya yi magana, bai juyo ba. Ya ce zai gaya wa liman a bar batun Juma'a.

"Yaya," in ji Wasila, "in ruwa ya sauka bai dawo ba, kai za ka riƙe sungumi, ni in bi ka da iri. Mu fara da gonarka, ta fi riƙe laima."

Mutari ya ɗaga kai ya dubi sama. Fara fat take, ko gajimare ɗaya babu. Ya ce sungumin nasa ƙota ta tsage, sai ya nemi wata.