Takalman Gudun Ladi

"Ba zan cire ta ba, Sir," in ji Becky, malamar wasanni.

Shugaban makarantar, Mista Filibus, ya sauke tabarau ya dube ta. Ya ce shi tausayi ne ya sa ya yi magana. Yarinyar da aka binne mahaifiyarta makon jiya, wa zai sa ta gudun miƙa sanda a gaban jama'a? A bar Ladi ta huta, a sa wata.

"Ka tambaye ta?"

"Umarni nake ba ki, Malama."

"Soja sun koma bariki tun watan Mayu, Sir. Yanzu sai an tambayi mutum."

Ta ɗauki takalman gudun da Ladi ta bari a makaranta, ta hau bas daga Trikania zuwa Kamazou, unguwar su Ladi.

Gidan makokin cike yake da matan zumunta na coci, Ladi na tsakiyarsu a kan tabarma. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta taɓa kwano a ce ajiye, marainiyar Allah. Becky ta san wannan zaman. Da babanta ya rasu, haka aka yi ta yi mata sannu har ta ji kamar ita aka binne. Abin da ta so a lokacin kawai a bar ta ta gaji, ko ta samu barci.

Ta yi wa manya gaisuwa, ta zauna kusa da Ladi, ta ajiye takalman.

"Kina barci kuwa?"

"A'a, Anti."

"Ni ma ban yi ba a lokacina. Asabar ce gasar. In kin zo, ke za ki karɓi sanda a ƙarshe. In ba ki zo ba, ba ki yi laifi ba."

Ƙanwar marigayiyar, Inna Talatu, ta fara tambayar me duniya za ta ce. Ladi ta jawo takalman jikinta, ta ce Mama ba ta taɓa fashin zuwa kallonta ba.

Ran Asabar matan zumunta suka zo filin da kansu, cikin ankonsu, wai don su sa ido. Ladi ta karɓi sanda tana ta huɗu, ta gama ta biyu. Inna Talatu ta manta da duniya, ta rangaɗa guɗa har ɗankwali ya faɗi. Ladi ta zube kan ciyawa tana dariya tana hawaye. A bas ta yi barci a kafaɗar Becky, har da minshari, sauran 'yan matan na toshe baki kada dariyarsu ta tashe ta.

Ran Litinin Mista Filibus ya taya Becky murna a gaban ɗalibai. A ofis kuma ya ce ta miƙa usur ɗinta ga wani malami, domin ba ya aiki da mai ƙin umarni. Ta cire shi daga wuya ta ajiye masa a tebur, kanta a sama. Ƙungiyar da ta gina da hannunta ta fita hannunta ke nan. Gasar baɗi, daga bayan shinge za ta kalli Ladi.