Tsakiyar Kifi

Ni tela ce, kuma tef ɗina ba ya ƙarya. Mace za ta rantse mini ba ta ƙara ƙiba ba, har ta kawo shaidu, ni dai sai in zagaya tef a ƙugunta in yi shiru. Da tef ɗin nan na auna damtsen Inna ranar da aka sallamo ta daga asibiti, na ga ya ragu da inci biyu. Rigar da na ɗinka mata bara ta koma kamar an rataye ta a ƙusa.

Inna a hawa na uku take, a wani tsohon bene mai matakala arba'in da biyu. A kan kujerar roba aka hau da ita ranar, maza huɗu suna nishi. Shekararta talatin da ɗaya a ɗakin nan. A nan Baba ya cika, kuma daga tagar ɗakin take mulkin layin gaba ɗaya. Ta san wanda ya makara zuwa aiki, ta san wadda ta yi faɗa da mijinta tun daga yadda take shanya.

Yaya Babba, babbanmu mu bakwai, bai tsaya kwana-kwana ba.

"Wata biyu," ya ce. "In ba ta iya sauka ta hau da ƙafarta ba, gidana za ta koma. In gobara ta tashi fa? Wa zai sauko da ita?"

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gidansa na can ƙarshen gari, ɗakin da ya tanadar mata kuwa tagarsa katanga take kallo. Ni na san in aka raba ta da ɗakinta an gama da ita.

Washegari na koma wurin likitar da ta duba ta, wata 'yar siririya mai magana kamar tana yanka yadi, ba ɓata ko inci.

"Ciwon ya tafi," ta ce, "amma ya tafi da tsokarta. Kwanciyar sati uku tana zaftare naman tsoho. Shayi da burodi da farar shinkafa za su riƙe ta yini, amma ba za su mayar mata da abin da ta rasa ba. Abinci mai gina jiki take bukata, wato furotin. Ƙwai, kifi, wake, madara, gyaɗa, nama. Ƙodarta lafiya lau, kada ki ji tsoro. Safe da rana da yamma a samu kamar tafin hannunta. Sannan ta riƙa tashi daga kujera tana zama, ko sau goma ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To Likita, ki ɗauka an gama."

Na kwaso kayana na tare a wurin Inna. Kullum kafin in tafi shago sai in dafa ƙwai biyu, in zuba wake da kifi a kula na rana. Takan ce, "Ajiye, Auta, sai shayin ya huce." In na dawo da yamma kwanuka fes, an wanke an kife. Har na fara cika baki a shago cewa ni da likita ba mu da bambanci sai farar riga.

Bayan sati uku na ɗauko tef. Ko ɗigo bai ƙaru ba. Na sake aunawa, na juya tef ɗin, na auna ɗayan hannun. Tashi daga kujera kuwa sau uku take yi, na huɗun sai ta kama tebur. To tunda tef bai iya ƙarya ba, lalle akwai wanda ya iya a gidan nan.

Wata Laraba aka ɗauke wuta a shago, na rufe na dawo tun da sauran rana. Ina tura ƙofa sai ga Yaya Babba zaune a kan tabarma, ya naɗe hannun riga, ya sa kular Inna a gaba yana ta aiki. Inna na gefe tana yi masa fifita, fuskarta fal murna. A gabanta kofin shayi ne da guntun burodi.

"Yaya! Me kake ci?"

Ya ɗago da maiƙo a gemu. "Ragowa ce. Ta ce ta ci nata."

"Tun yaushe kake cin ragowar nan?"

Ya yi ɗan lissafi da ido. "Kullum in na biyo duba ta daga ofis."

Ashe mai cewa Inna ba ta da ƙarfi shi ke cinye ƙarfin. Da na matsa da tambaya sai ta fito cewa ƙwan safe kuma Yaya Malama, yayarmu mai koyarwa, ke tafiya da shi a ciki, in ta biyo gaisuwa a hanyarta ta makaranta. Ita ma ragowa aka ce mata.

"Haba Inna!" na ce.

Ko gezau. "Yaro ya shigo daga aiki da yunwa, sai in zauna ina cin kifi yana kallona? Wace irin uwa ce wannan?"

"Yaro? Shekararsa hamsin da huɗu! Ki dubi tumbinsa, tef ɗina da ƙyar yake zagaye shi!"

"A bakinki, ba a cikinsa ba," ta ce, ta ci gaba da fifita.

Na so in yi dariya, sai kunya ta rufe ni. Tun muna yara Inna ke zuba wa Baba, ta zuba mana, ta raba nama da hannunta, in an ce ina naki ta ce ta ci a kicin. Mu bakwai muka girma a kan wannan maganar, ba wanda ya taɓa leƙa kicin ɗin. Yaya ya ture kular, ya ce shi daga yau ba zai ƙara zuwa lokacin cin abinci ba.

"A'a," na ce. "Za ka zo. Dukanku za ku zo, ranar Asabar da rana, kuma kada wanda ya karya."

Asabar muka cika ɗakin, har da na zaune a bakin ƙofa. Na dafa ƙaton kifi, na zuba wa kowa, na ciro tsakiyar na sa a kwanon Inna. Sai duk muka naɗe hannu.

"Bismillah mana," ta ce.

"Ba mai sa hannu sai kin cinye naki," na ce.

"Na ƙoshi."

"Mu ma mun ƙoshi."

Ta yi faɗa. Ta tuna mana ita ta haife mu, ta ce ni tun ina goye ba ni da kunya. Ta ɗauki tsokar za ta sa a kwanon Yaya, ya rufe kwanon da tafinsa. Abinci ya huce, mai ya fara daskarewa a kan miya. Masu furfura zaune kamar 'yan makaranta, ba mai motsi. Can cikin Yaya ya yi wata ƙara da kowa ya ji.

"Inna," ya ce a hankali, "wallahi yunwa nake ji. Ki taimake ni ki ci."

Wannan ce ta kama ta. Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta gutsura ta kai baki. Ta tauna a hankali, tana laluben wani abu da harshe.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe nan wurin ba ƙaya."

Yaya Malama ta tashi ta shige banɗaki, ta buɗe famfo don kada mu ji kukanta.

Daga ranar muka raba kwanaki. Kowane cin abinci akwai wanda zai zo ya zauna da kwanonsa a gaba, ba zai taɓa ba sai ta gama. Tana ci tana mita, wai mun mayar da ita buhun wake, wai madara ta jarirai ce. Amma tana ci. Tashi daga kujera ya kai shida, ya kai goma, ya kai sha biyar ba kama tebur. Tef ya ba ni rabin inci, daga baya ya cika inci guda. Na fara fita da ita tana sauka hawa ɗaya tana dawowa.

Ranar da wata biyu ya cika, da hantsi, ta sa rigarta ta bara ta ɗaura ɗankwali. Saukar ba ta ba ta wahala ba. A ƙasa ta tsaya ta yi wa mai shagon kusa faɗa kan kwandon shararsa da ta daɗe tana gani daga sama, sannan ta juyo ta kama ƙarfen matakala.

Ina gaba ina ƙirgawa, Yaya na baya ya buɗe hannuwa. A ta talatin ta tsaya, ta ƙanƙame ƙarfen. Ya miƙo hannu.

"Kada ka taɓa ta," na ce.

Ta ja numfashi uku, ta ɗaga ƙafa. Talatin da ɗaya. Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba sai a ƙofarta. Yaya ya iso bayanta yana haki, ya jingina da bango, gumi na tsiyaya.

"Na janye," ya ce da ƙyar. "Ki zauna a ɗakinki, Inna."

Ba ta ma kula shi ba. Ta shiga ta zauna a kujerarta, ta cire ɗankwalin ta goge wuya, sannan ta ɗaga murya.

"Auta, me kika dafa ne? Yunwa nake ji."

Shekarata talatin da takwas a duniya, ban taɓa jin wannan maganar daga bakinta ba. Na wuce kicin da sauri na kunna wuta.