Yatsa a Kan Agogo

Auta ta tsallaka ƙasar waje ne don yin digiri na biyu a dokokin ƙasa da ƙasa, ɓangaren laifukan yaƙi. Babanta, tsohon soja da ya ajiye kaki tun tana firamare, shi ya fi kowa rawar jiki a kan karatun nan. "Lauyata" yake kiranta, kuma tun karatun bai yi rabi ba ya ɗinka kayan da zai sa ranar bikin kammalawa. Yanzu bizarsa ta zuwa bikin ta fito, tikiti na hannu. Umma ta ce mutumin ya ishe su, ko mai gyaran famfo ya shigo gidan sai ya sha labarin tafiyar.

A darasin ƙarshe, Farfesa ta sa aka ja labule. Doguwar mace ce mai rataye tabarau a wuya, ba ta san wasa ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta tuna musu cewa a ƙasar da suke zaune, duk wanda ake zargi da laifin yaƙi, ko a wace duniya ya aikata, muddin ya sako ƙafa ana iya kama shi. Auta ta san wannan kamar sunanta. A kai ma ta ci maki mafi yawa a ajin, har ta yi kwanaki tana hura hanci.

"Wannan bidiyon waɗanda suka tsira ne suka miƙa wa mai gabatar da ƙara na nan," in ji Farfesa. "Ku duba, ku faɗa min wa ke ba da umarni."

Tsohon bidiyo ne mai rawa. Bakin wata gada, babbar mota, maza a durƙushe hannu a ka. Auta ta gane kakin, ta gane yaƙin: na ƙasarsu ne, wanda aka yi tana rarrafe. Wani hafsa na tsaye ya ba kamara baya. Bai ce uffan ba. Hannun hagu kawai ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa fuskar agogonsa da ɗan ƙaramin yatsan dama, wani karkataccen yatsa da ya taɓa karyewa bai miƙe ba. Nan da nan sojoji suka fara tura mutanen cikin mota.

Auta ta san wannan yatsa. Da yatsan nan ake korar ta zuwa makaranta kowace safiya. Baba ba ya tsawa, agogo kawai yake ƙwanƙwasawa, sai ka ga yara na neman takalma.

"Ba a sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba," Farfesa ta ce. Sai ta juyo. "Ke ’yar can ce. Me kika gani?"

"Hoton bai fito sosai ba," in ji Auta. Muryar ma ba tata ba ce.

Da aka tashi, ta tare Dogo a bakin matakala. Ɗan ajinsu ne da ke koyon aiki a ofishin mai gabatar da ƙara, mutumin da bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Ta yi kamar hira take.

"Wai sun gano hafsan nan kuwa?"

"Wa zai faɗa min? Ni da nake haɗa musu shayi?" Ya yi dariya. "Amma kin san yadda suke. Ba sa sanarwa. Biza ma sai su bari a ba mutum, ya yi ado ya hau jirgi da ƙafarsa. Yana sauka sai ya ji an ce, ‘Malam, ɗan zo nan.’"

Biza ma sai su bari a ba mutum. Ta tuna yadda ta Baba ta fito ba wata wahala, alhali ta Umma an yi ta jan ƙafa. Ta sauka matakalar tana riƙe ƙarfe. Tsoro ne ya kama ta, tsoro zalla, har ta rasa wanne ya fi: a kama shi, ko ya zama shi ɗin ne.

Ta zauna a benci a bayan ɗakin karatu, rana tsaka, ɗalibai na wucewa da rigunan bikin da suka karɓo cikin leda. Ta yi ta lallashin kanta. Karkataccen yatsa ai ba shi kaɗai ke da shi ba. Sojoji nawa ne ke ɗaura agogo? Kuma ta san Babanta: in ta ce kada ya zo, gidan zai ɗauka. Zai ce wace irin maganar banza ce wannan, zai tambayi dalili har sai ta gaji, zai ce ko a ƙafa sai ya zo. Faɗan nan take so ta ji. In ya yi shi, shi ke nan, ta samu Babanta.

Ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Lauyata! Yanzu muke gwada akwati, Ummanki ta cika shi kamar za mu yi hijira."

"Baba, ina ganin kada ka zo. Umma ta zo ita kaɗai."

Ta runtse ido tana jiran tsawa. Tana jiyo rediyo a falonsu, da ƙarar cokali a kicin, da Umma daga nesa tana tambayar ko Auta ce. Shi kuwa shiru. Ta danna wayar a kunne har ya yi zafi, a ranta tana roƙonsa, ka tambaye ni, Baba, don Allah ka ce me ya sa.

Ya ja dogon numfashi.

"To," ya ce a hankali. "Bari in ce ta fitar da kayana."