Ranar da Babur ɗin Dogo Ya Faɗi

A gidan hayarmu ɗakina yana kallon na Dogo, don haka ko ban so ba sai na gani. Ni kuwa ina so.

Dogo haya yake yi da babur. Mutum ne kamar falwaya, har sai da ya sa aka ɗaga masa bayan babur ɗin, aka ƙara soso a kujera, don gwiwarsa ta huta. Wata safiya yana ɗaura takalmi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Tun da aka dawo da shi daga asibiti yake wuni a tabarma yana kallon babur ɗin. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna shi da haɓa, ya ce, "Na kusa hawa."

Yara kuwa ba su daina jin yunwa ba. Matarsa ta kira ƙanensa, Guntu, ya zo ya riƙa fita da babur ɗin. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma da alama a kan Dogo tsawon gidansu ya ƙare. Guntu ya hau babur ɗin, ƙafa tana lilo.

"Guntu, in ara maka turmina ka riƙa takawa?" na ce.

"Iya, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Matar da Guntu suka ce wa Dogo juyen baƙin mai za a yi, suka tura babur ɗin gareji a bakin layi. Na bi su, wai zan sayi allura.

Bakaniken ya ce dogon sifirin ɗin da ya ɗaga bayan babur ba matsala, zai sa gajere ya ajiye tsohon. "Amma soso da jak sai an yanke. In an yanke kuma an yanke." Jak shi ne ƙarfen nan da ake kafe babur a kai.

"Kada ka yanke komai," in ji matar.

Bakaniken ya ce, "Yaya, faɗuwa fa zai yi. Babur ya yi ƙasa, jak ya yi masa tsawo, ba zai jingina ba."

"Na ce kada ka yanke. Kullum idonsa a kai yake. Shi ne kaɗai abin da ke fito da shi daga ɗaki."

Da la'asar Guntu ya shigo da babur ɗin tsakar gida, ya kafe. Babur ya tsaya ƙyam kamar soja. Guntu yana juya baya sai ji muka yi rim! Ya kifa ta ɗaya gefen, madubi ya tarwatse kusa da bahon wankina. 

"Ƙasa ce ba daidai ba," matar ta ce.

Dogo bai dube ta ba. Ya daɗe yana kallon sabon sifirin ɗin, mai ƙyalli.

"Ɗaga shi," ya ce wa ƙanensa. Sannan ya juyo gare ni. "Iya, gawayi."

Na ɗauko a murhuna na ba shi. Ya ja jiki da hannu ɗaya, ƙafar tana binsa a baya. Matar ta zo za ta kama shi, ya girgiza kai. Da ya isa, ya auna jak ɗin da yatsu, ya ja layi da hannun hagu. Layin ya karkace, ya goge da yawu ya sake.

"Nan bakanike zai yanke. Soson ma ya rage, kada ya ji tausayi."

"Yaya, idan ka warke fa?" Guntu ya ce, hawaye har haɓa.

"Tafi kafin ya rufe."

Matar ta shige ɗaki ta saki labule. Guntu ya kama kan babur ya fara turawa.

"Kai," in ji Dogo, "ba a tura shi. Hawa ake yi."

Guntu ya hau, kan yatsunsa na taɓa ƙasa da ƙyar, ya tayar, ya fita.